Kurmin Fiemme da Mutanen da Suka Gaje Shi

Galibin waɗanda suka ziyarci ƙananan garuruwan arewacin Italiya, idan sun komo suna ba da labari, abin da ke fara zuwa bakinsu shi ne tsabtar tituna, da furanni a bakin tagogi, da dattawan da ke zaune a dandali suna kurɓar gahawa ba tare da wani abu ya dame su ba, har mai sauraro ya ɗauka cewa natsuwar irin waɗannan wurare wata baiwa ce da ta sauko musu tare da dusar ƙanƙara. Ni kuwa abin da nake nufin in jawo hankalin mai karatu gare shi, ta hanyar duban gari guda ɗaya, shi ne cewa zumuncin gari ba ya daɗewa bisa ƙaunar juna kaɗai, domin ƙauna tana hawa tana sauka, kuma maƙwabta a ko'ina cikin duniya ba su rasa abin yi wa juna ƙorafi. Abin da ke riƙe mutane ƙarni bayan ƙarni shi ne wata dukiya da suka yi tarayya a cikinta, da ƙa'idar da aka rubuta game da ita, da ranar da za a zauna a yi hisabi a gaban kowa.

Garin da na zaɓa sunansa Cavalese. Yana cikin lardin Trento, a kwarin da ake kira Fiemme, inda kogin Avisio ke gangarowa daga duwatsun Dolomiti, kuma tudun da garin yake a kai ya kai kimanin mita 1,000 daga doron teku. Mutanensa ba su wuce 4,000 da 'yan kai ba, kwarin duka kuwa bai fi mutum 20,000 da wani abu ba, suna magana da wani karin harshe nasu wanda ɗan Roma sai ya kasa kunne sosai kafin ya fahimta. A ƙarshen kwarin ta gabas, a Moena, ana jin harshen Ladin, a Trodena ta yamma kuma Jamusanci ake yi a gida. Duk inda mutum ya ɗaga kai itatuwa zai gani, irin dogayen nan miƙaƙƙu masu ganye siriri kamar allura, waɗanda ba su kaɗe ganye ko a tsakiyar hunturu, sun rufe gangaren duwatsu tun daga bayan gidaje har inda sanyi ya hana tsiro.

A watan Yuli na shekarar 1111, watau shekarar da Imamu Gazali ya rasu a Ɗusa, wakilan mutanen wannan kwari suka tafi Bolzano suka ƙulla alkawari da Gebardo, bishof ɗin Trento, wanda a zamanin nan shi ne shugaban addini kuma shi ne sarkin ƙasa. Sharuɗɗan ba su da yawa: mutanen Fiemme za su riƙa biyan haraji ƙayyadadde kowace shekara, bishof kuma zai riƙa aiko da wakilinsa sau biyu a shekara ya yi shari'a tare da mutanen gari, sa'an nan a ƙyale su su tafiyar da sauran al'amuransu bisa al'adarsu. A 1314 wani bishof, Enrico, ya tabbatar musu a rubuce cewa duwatsu da kurmi da makiyaya na kwarin mallakarsu ne a jumlace. Daga waɗannan takardu ne jama'ar da ake kira Magnifica Comunità di Fiemme ta samo hujjarta, kuma har yau tana nan, tana riƙe da ƙasa kimanin hekta 20,000, fiye da rabinta kurmi, wadda ba ta gwamnati ba ce, ba ta wani attajiri ba ce, ba ma ta hukumar gari ba ce, ta zuriyar mazauna ce gaba ɗayansu, waɗanda suke kiran kansu da kalmar da ke nufin maƙwabta.

A cikin lambun da ke kusa da tsohuwar majami'ar Cavalese, ƙarƙashin waɗansu manyan itatuwa masu inuwa, akwai kujeru na dutse da aka jera a zagaye, da tebur na dutse a tsakiyarsu, waɗanda ake kira Banco de la Reson, kuma riwayar gari ta tafi a kan cewa a nan ne magabata suke taruwa su yanke shawara. Shugaban jama'ar ana ce masa Scario. A da shekara guda yake yi a sauke shi a naɗa wani, hikimar da duk wanda ya san halin ɗan Adam da mulki ba ya bukatar a yi masa sharhinta. Kwarin ya kasu unguwa goma sha ɗaya, kowace da wakilinta, kuma ƙuri'a a wurinsu ta murhu ce, watau kowane gida mai hura wuta yana da murya guda. Mulki ya sake hannu a kansu sau da yawa: gwamnatin Bavaria, wadda Napoleon ya ɗora a kan ƙasar, ta ƙwace musu ikon shari'a da na siyasa a 1807, Ostiriya ta mallake su har ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, Italiya ta karɓe su, gwamnatin Mussolini kuma ta kafa doka a 1927 wadda manufarta ita ce a warware irin waɗannan tsofaffin haƙƙoƙi na tarayya a ƙasar duka. Amma kurmin bai fita daga hannunsu ba, har aka kai 2017, lokacin da majalisar Italiya ta yi doka ta amince cewa mallakar jama'a irin wannan asali ce mai zaman kanta, wadda ta girmi ita kanta gwamnatin.

Sharaɗin da ya tsare wannan dukiya, mai karatu da ya yi zaman zaure zai gane shi nan da nan, domin ya yi kama da hukuncin wakafi: ba a sayar da ita, ba a raba ta, kuma daɗewar wani a kanta ba ya mayar da ita tasa. Amfaninta kawai ake ci. Ma'aikacin daji yakan bi kurmi yana duba itatuwa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya isa sara ya buga masa hatimi da guduma, kuma tsarin da ake bi shi ne kada abin da aka sare a shekara ya wuce abin da kurmin ya ƙaru da shi a shekarar. Gumagumai su tafi masana'antar tsaga katako ta jama'ar da ke Ziano. Ɓawo da ɓarɓashin katako kuma, tun daga ƙarshen shekarun 1990, ana ƙona irinsu a wata tasha a Cavalese a tura ruwan zafi ta bututu zuwa gidaje da makarantu. Maƙwabci yana da haƙƙin itacen wuta da na kiwo, kuma duk wanda ya ga yadda ake jera faskare a jikin bangon gidajen kwarin, tsaf-tsaf har ƙarƙashin rufi, tun kaka ba ta ƙare ba, ya san cewa a ƙasar da sanyi ke kashe mutum wannan haƙƙi ba abin wasa ba ne. Da ribar katako jama'ar ta sa hannu wajen gina hanyar da ta haɗa kwarin da bakin kogin Adige a ƙarni na goma sha tara, ta sayi tsohon gidan bishof a 1850 ta mai da shi mazauninta, kuma a shekarun 1950 ta gina asibitin Cavalese. Akwai kuma wani ɗan kaso kaɗan na itatuwan, waɗanda suka girma a hankali cikin sanyin tudu har zarensu ya miƙe ya yi daidai, da masu ƙera goge da fiyano ke nema daga ƙasashe masu nisa. Ana riwaya cewa maƙerin goge Stradivari na Cremona, wanda ya rasu a 1737, da kansa yake zuwa ya zaɓa, ko da yake irin wannan riwaya 'yan kasuwa sun fi malaman tarihi ƙaunarta.

To, ina alaƙar wannan duka da zaman yau da kullum? Alaƙar ita ce mutanen da suka shekara ɗari tara suna koyon zama a yi lissafin abin da ba na mutum ɗaya ba, wannan ɗabi'a takan bi su har cikin sauran mu'amalolinsu. Matar da ta fito da safe sayen burodi da madara, mai yiwuwa ne kantin da za ta shiga na ƙungiyar gama-kai ne wanda ita kanta tana da hannun jari a ciki. Bankin da mijinta ke ajiya na irin wannan ƙungiya ne. Cukun da za a ci da rana daga masana'antar da makiyayan kwarin suka haɗu suka kafa ya fito. Wannan tsari wani limamin Kirista ne, Lorenzo Guetti, ya fara shi a wani kwari na lardin, inda ya buɗe kantin gama-kai na farko a 1890 da bankin ƙauye na farko a 1892, yana koyi da abin da Raiffeisen ya yi a Jamus, a lokacin da talauci ya yi wa lardin katutu, ambaliyar 1882 ta lalata gonaki, cutar da ke kama masu rayuwa a kan masara zalla ta yaɗu, mutane kuma suna ta shiga jirgi zuwa Brazil. Mas'alar ruwan da bankunan nan ke ɗorawa a kan bashi, wannan wata magana ce daban wadda mu muna da hukuncinmu a kanta. Abin lura a nan shi ne iri ya faɗi a ƙasar da aka riga aka yi wa huɗa, shi ya sa ya kama.

Da rana ta take, ƙararrawar majami'a za ta buga, ƙananan kantuna da yawa su rufe har zuwa wajen la'asar, iyali su hallara a kan abinci, wanda a ranar hutu sau da yawa polenta ne, watau ɗan'uwan tuwon masararmu, ana tuƙa shi a tukunyar tagulla a ci da narkakken cuku ko naman daji. Da yamma kuwa, bayan an tashi daga aiki, sai gari ya rarrabu zuwa ƙungiyoyinsa: waɗansu wurin gwajin badujala, waɗansu wurin rera waƙoƙin duwatsu, waɗansu kuma a ɗakin 'yan kwana-kwana. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. A lardin Trento kusan kowace ƙaramar hukuma tana da rundunar kashe gobara ta 'yan sa-kai, al'adar da ta samo asali tun zamanin Ostiriya, kuma waɗanda ke cikinta su ne kafinta da makaniki da malamin makaranta da mai otal, ba a biyansu albashi, da an buga kira kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, ko gobara ce, ko zaftarewar ƙasa, ko mota ta faɗa rami, ko saniya ta maƙale a gangare. Yara tun suna 'yan shekara goma ake fara shigar da su sahun masu koyo. Saurayin da ya taso a haka, wanda ya san cewa daren da gidan ubansa zai kama wuta maƙwabcin da suke gaba da shi a kan iyakar fili shi ne zai riƙe tiyo, ba ya bukatar a yi masa dogon wa'azi a kan haƙƙin maƙwabtaka.

Haka kuma bukukuwansu. A watan Satumba ana yin bikin saukowar awaki a Cavalese, inda ake yi wa dabbobi ado da furanni da ƙararrawa a ratsa da su ta tsakiyar gari, baƙi su cika titi suna ɗaukar hoto. Wanda ya ga wannan kaɗai zai ce wasa ne da aka shirya don masu yawon buɗe ido, kuma ba zan musa cewa akwai wannan a ciki ba. Sai dai awakin nan da gaske suke saukowa, domin sun yi watannin zafi a makiyayan tudu, da yawansu mallakar jama'a, inda ake haɗa dabbobin gidaje dabam-dabam a hannun makiyayi guda, a riƙa auna madarar da kowa ya samu, a yi masa lissafi. Tseren zamiya a kan ƙanƙara da ake kira Marcialonga, mai tsawon kilomita 70, wanda aka fara a 1971, ake yi a ƙarshen Janairu, kuma yake ƙarewa a Cavalese, dubban baƙi ke shigarsa, amma ɗaruruwan 'yan kwarin ne ke tsayawa cikin sanyi suna raba shayi da gyara hanya ba da lada ba. Ra'ayina shi ne al'adar da ke da aiki a ƙarƙashinta tana iya jure kallon baƙo ba ta lalace ba, wadda kuwa aikinta ya mutu aka bar tufafinta, ko an kafa mata hukuma da kasafi, ƙarshenta ta zama sana'ar 'yan rawa.

A 1968 wani masani Ba'amurke, Garrett Hardin, ya wallafa maƙalar da ta shahara ƙwarai, inda ya kafa hujja cewa duk makiyayar da kowa ke da iko a kanta ƙarshenta halaka, tun da kowane makiyayi ribarsa ita ce ya ƙara dabba, hasarar kuwa a raba ta ga kowa. Mafita a ganinsa ita ce ko a mallaka wa mutum ɗaya ko hukuma ta karɓe. Elinor Ostrom, wadda ta sami lambar Nobel a 2009, ta rushe wannan hujja da misalai na zahiri, cikinsu har da ƙauyen Törbel na Siwizalan, ta nuna cewa akwai bambanci mai girma tsakanin abin da ba shi da mai shi da abin da jama'a sananniya ta mallaka, mai iyaka, mai doka, mai tara ga wanda ya saɓa. Malamanmu ba su jira Ostrom ba. Babin hima, watau keɓe makiyaya don maslahar jama'a, sananne ne a fiƙihu, tun daga Naƙi'u da aka keɓe a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Rabaza a zamanin Sayyidina Umar, kuma Shehu Abdullahi na Gwandu ya yi talifi a kan hukunce-hukuncen ƙasar da ba a raya ba da hurumi da abin da shugaba ke iya keɓewa don maslahar jama'a. Abin da Fiemme ta ƙara a kan wannan, a fahimtata, shi ne ba ta jingina tsaron hima ga adalcin shugaba ba, wanda yau ana samu gobe a rasa; ta jingina shi ga su masu haƙƙin da kansu, da littafin lissafi wanda kowane murhu ke da ikon ya tambayi abin da ke cikinsa. Burtalai da gandun daji da muka ga sun narke a idonmu, galibinsu dokar kare su tana nan a rubuce, mai tambaya ne babu.

Kwarin ya ɗanɗani kishiyar wannan tsari a rana guda. A sama da Tesero, 'yan kilomitoci kaɗan daga Cavalese, akwai mahaƙar ma'adinai wadda kamfanoni daga waje suka riƙa gudanarwa, suna tara laka da ruwan wanke ma'adini a bayan madatsu biyu, ɗaya bisa ɗaya, a kan gangare mai damshi, shekara da shekaru ba wanda ya yi musu binciken kirki. Ranar 19 ga Yuli 1985, da tsakar rana, madatsun suka ɓalle, laka ta share ƙauyen Stava da wani sashe na Tesero cikin 'yan mintoci, mutum 268 suka rasu. Kotu daga baya ta sami mutum goma da laifi, cikinsu har da jami'an lardi da aka ɗora wa alhakin sa ido. Masu yanke shawara a kan waɗannan madatsu ba su kwana a ƙarƙashinsu, masu kwana a ƙarƙashinsu kuma ba su da kujera inda ake yanke shawara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in an bar shi ya faɗa.

Duk da haka ba zan yi wa mai karatu adalci ba idan na bar shi da zaton cewa mulkin maƙwabta alheri ne tsantsa. A wannan gari na Cavalese, tsakanin 1501 da 1505, an gurfanar da mutane da dama, galibinsu mata, bisa tuhumar maita, aka azabtar da su har suka amsa abin da ba su aikata ba, aka ƙone da yawansu, kuma manyan jama'ar suna zaune a wurin shari'ar. Yau ana kwaikwayon wannan shari'a a titi a watan Janairu, abin da ni ban tabbata ya dace a mai da shi abin kallo ba. Jama'ar da ke iya haɗa kai ta tsare kurmi tana iya haɗa kai ta zalunci mai rauni a cikinta. Sa'an nan kurmin bai hana talauci ba, domin har tsakiyar ƙarni na ashirin 'yan kwarin suna fita neman abinci a ƙasashen waje. Arzikin da ake gani yau yana da wasu iyaye biyu: masu yawon buɗe ido, da kuma 'yancin cin gashin kai da lardin ya samu a 1948 aka faɗaɗa a 1972, wanda ya bar masa kimanin kashi tara cikin goma na harajin da ake tarawa a cikinsa. Wanda ya ce tsohuwar takardar 1111 ce kaɗai ta shimfiɗa kwalta ta gina makarantu, ya yi ƙari.

Jarrabawa mafi tsanani kuwa ta zo a daren 29 ga Oktoba 2018, lokacin da guguwar da aka sa wa suna Vaia ta ratsa duwatsun arewa maso gabashin Italiya da iskar da a waɗansu mashigai ta kai kilomita 200 a sa'a, ta kwantar da miliyoyin itatuwa cikin sa'o'i kaɗan, har kwarin Fiemme ya wayi gari da katako a ƙasa wanda ya ninka abin da ake sarewa a shekara sau da yawa. Farashi ya faɗi, tun da kowa yana da abin sayarwa. Kafin a gama kwashe gumagumai daga gangaren da mota ba ta hawa, wani ɗan ƙwaro mai huda ɓawon itace, wanda suke kira bostrico, ya hayayyafa a cikin matattun itatuwa ya afka wa masu rai, zafi da farin 2022 kuma suka taimake shi, har ɓarnarsa a waɗansu sassa ta kamo ta guguwar. A nan ma akwai abin da ya kamata a faɗa ba tare da kara ba: ƙarnoni na fifita irin itace guda, saboda shi ne mai tsada a kasuwa, sun bar kurmi mai tsara ɗaya da saiwa marar zurfi, wanda iska ɗaya da ƙwaro ɗaya ke iya gamawa da shi. Tarayya ta tsare su daga haɗamar mutum ɗaya, ba ta tsare su daga kuskuren da kowa ya yarda da shi ba. Yanzu ana dashe, ana cakuɗa iri, kuma itacen da aka dasa bana sai ya haura shekara ɗari kafin a buga masa hatimi. Kamfani mai masu hannun jari da ke jiran riba a ƙarshen shekara da wuya ya yi irin wannan haƙuri, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da na sani a kan barin kurmi a hannun waɗanda jikokinsu za su zauna a gindinsa.

Sai dai su wane ne jikokin? A nan ne nake ganin jama'ar Fiemme tana da tambayar da ba ta gama amsawa ba. Maƙwabtaka a wurinsu gado ce. Wanda ya zo daga waje ba ya shiga rajista sai ya zauna a kwarin ba yankewa na shekaru da ba su gaza ashirin ba. Hujjar wannan a fili take, kuma ban raina ta ba: dukiyar da kowa ke iya shiga cikinta yau ya fita gobe ta koma irin makiyayar Hardin, kuma baƙo raɓa ne, in ji masu magana. Wannan hujja tana da ƙarfi a kan attajirin Milan da ya sayi gida yana zuwa mako biyu a shekara, irin gidajen da suka yi yawa har suka sa samarin kwarin ba su iya sayen muhalli a garin iyayensu, abin da ya sa lardin ya yi doka a 2005 don taƙaita gina su, dokar da ake kira da sunan Mauro Gilmozzi, wanda ya taɓa zama shugaban hukumar garin Cavalese. Amma akwai wani baƙon dabam. Akwai matar da ta zo daga Romaniya ko Yukren tana jinyar tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi birni, da ɗan Albaniya mai gini, da ɗan Maroko da ke wanke tukwane a otal, waɗanda 'ya'yansu a asibitin jama'ar aka haife su, da karin harshen kwarin suke wasa a makaranta, wataƙila ma suna cikin yaran da ke koyon naɗe tiyo a ɗakin 'yan kwana-kwana. Ƙasar da haihuwa ta ragu a cikinta kamar yadda ta ragu a Italiya, inda masu mutuwa suka fi waɗanda ake haifa yawa kowace shekara, ba ta da yalwar da za ta bar irin waɗannan a bakin ƙofa har rabin rayuwarsu ta wuce. Da shawara a hannuna take, da na bar dogon wa'adin a kan mai gidan hutu, na gajarta shi ga wanda ke kwana a kwarin rani da hunturu, yana biyan haraji a nan, 'ya'yansa kuma suna makaranta a nan, domin a cikin waɗanda za su sare itatuwan da ake dasawa yanzu a gangaren da Vaia ta share, lalle akwai jikokinsa.